Hannun Arzika a Birnin Toho

Da sunan Allah, wanda ke sa kututture ya yi toho bayan sara, ya mayar wa ƙadangare wutsiyarsa ba tare da ya roƙa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Bayan haka, ni ne Nomau, ɗan Bagudu Sarkin Maƙeran Gangaren Tama. Shekara biyar da wata huɗu na yi ba na gida, kuma tun da na dawo ba a bar ni na sha fura cikin natsuwa ba, kowa da tambayarsa. Wasu ma sun riga sun ƙara wa labarin gishiri, har ana cewa aljana ce ta ara wa yayana hannu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, in faɗi yadda aka yi sau ɗaya, wanda ya yarda ya yarda.

A gidanmu akwai kalmar da namiji ba ya furtawa, ita ce zafi. Ɗan maƙera tun yana shekara bakwai ake ɗora masa garwashi a tafi, in ya yi raki a yi wata guda ana yi masa waƙa. Ni an yi mini waƙar har sau biyu. Yayana Arzika kuwa, ba wanda ya taɓa ganin ko girarsa ta motsa. Duk yankinmu ba mai ƙira kamarsa, garmar da ya ƙera sai ta ga jikan mai ita.

Wata Laraba da hantsi muna ƙira, shi yana riƙe da ƙarfe a kan uwar maƙera, ni ina dukan masaba, wato babbar gudumar nan ta hannu biyu. Sai ga ayarin fatake zai wuce, jakuna da ƙararrawa. Ni kuwa tun ina yaro ƙafata ke ƙaiƙayi, ba na ganin matafiyi ban bi shi da ido ba. Na ɗaga kai. Daidai nan Yaya ya miƙa hannun dama zai gyara zaman ƙarfen, masaba ta sauka.

Ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, “Ka kuskure ƙarfen, Nomau.”

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Kafin mako hannun ya yi baƙi, wanzami ya cire shi daga wuyan hannu ya ƙone bakin da jan ƙarfe. Yaya ya koma zama a ƙofar maƙera da dungulmi cikin riga, yana kallon almajiransa na ƙira suna ɓata ƙarfe. Bai taɓa yi mini gori ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Ana nan sai wani bafatake mai sayen lauje ya ba mu labarin wani gari can bayan gabas, Birnin Toho, inda ake shuka hannu da ƙafa a jikin mutum su fito kamar dawa. Baba ya ce tatsuniya ce. Ni kuwa na kama maganar na ƙi saki.

Yaya ya ce, “Kai dai yawo kake so, ka sami dalili.”

Na ce, “Yawon nake so, Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni na ɗauke hannun nan, ni zan mayar da shi.”

Ya ce, “To, ɗauko jakar kayan ƙira. Kai za ka ɗauka, tun da hannu biyu gare ka.”

Wata huɗu muna tafiya, muka ƙetare ƙasar da ƙasarta ja ce kamar manja, da wata wadda duwatsunta ke amsa sallama, har hanya ta ƙare a bakin Tafkin Karfasa. Ba a hango ɗaya gaɓar. Mutanen wurin a kan ruwa suke zaune, gidajensu na kyauro ne a kan tsibiran ciyawa masu yawo, in ka yi sallama da maƙwabcinka da safe da yamma sai ka tarar da wani daban. Da yake kullum suna bandar kifi a cikin kyauro, gobara ta zama musu abokiyar zama, sai Allah ya ba su ilmin ƙuna. Da idona na ga an kawo wata mata da wuta ta cinye wa baya, aka feɗe fatar karfasa, aka wanke, aka shimfiɗa mata kamar faci. Ba a kware ba, ba a shafa komai ba. Bayan kwana goma sha biyu fatar kifin ta bushe ta faɗi da kanta, ga sabuwar fata a ƙasa, sumul.

Sarkin Ruwansu ƙato ne mai murya kamar ganga. Ya ce a al’adarsu ba a ƙetarar da baƙo sai ya bar wa tafkin abin da babu a cikinsa. Wanda ya kasa, ya zauna yana fiɗar kifi har ya tsufa. Ya nuna mana wasu tsofaffi uku da suka zo tun suna samari.

Yaya ya zuba wa masu fiɗar ido. Da ɓawon ƙumba suke yi, cikin fata goma bakwai sai sun yage. Ya ce, “Nomau, haɗa wuta.”

Muka yi zugazugi da fatar wani babban kifi, muka sami dutse ya zama uwar maƙera. Yaya ya kama ƙarfe da awartaki a hannun hagu, ya ɗora. Na ɗaga masaba, karo na farko tun ranar nan, sai na tsaya da ita a sama. Ga hannunsa guda a gabana, taƙi ɗaya daga inda zan doka.

Ya ce, “Buga mana. Saura guda ne, in ka kuskure sai mu koma gida mu huta.”

Na buga. Kafin la’asar mun fitar da wuƙa siririya kamar ganyen albasa, tana shiga tsakanin fata da tsoka ba ta yaga ko ɗaya. Sarkin Ruwa ya feɗe kifi bakwai a jere yana dariya, ya sa aka ƙetarar da mu a jirginsa na kansa. Ya ba mu ƙunshin fatun karfasa cikin gishiri, ya ce a Birnin Toho za a nema, kada mu shiga hannu Rabbana. Ya kuma ce mu biya ta Dajin Tsamiya a saƙa mana raga, don ba a shuka hannu sai da ita.

Dajin Tsamiya kwana sittin ne daga tafki. Itatuwansa in ka ɗaga kai neman ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Tsutsar da ke yin zare a kansu ta kai ɗan akuya, kuma sau ɗaya take ba da zare a shekara. Masaƙan wurin a kan rassa suke zaune. Ba riga suke saƙawa ba, siffar gaɓa suke saƙawa: kunne, hanci, ƙafa, kowace da ’yan ramuka ƙanana kamar saƙar zuma, inda tsoka za ta bi ta kama. Shugabansu, wani tsoho mai suna Jatau, ya auna hannun Yaya na hagu yatsa bayan yatsa, har layukan tafi, ya hau sama da ma’auninsa. Muka yi kwana arba’in muna cin tsamiya har haƙoranmu suka mutu.

Ranar da aka sauko da ragar, fara fat, ba nauyi kamar kumfa, Yaya ya jujjuya ta, ya kara a dungulminsa. Babban yatsa na kallon waje.

Ya ce, “Baba Jatau, ai wannan hagu ne.”

“To, ba hagun muka auna ba?”

“Hagu biyu zan yi? Da wanne zan ci tuwo? Da wanne zan gaisa da surukaina?”

Tsoho ya ce, “Ku mutanen ƙasa kun cika tsirfa. A nan hannu hannu ne. Sarkinmu ma hagu biyu gare shi, kuma duk dajin nan ba mai hawa kamarsa. In ba ka so, ka jira zaren baɗi, akwai mutum tara a gabanka.”

Na karɓi ragar ina dubawa, raina a ɓace. Sai na tuna yadda ake juya riga in za a shanya, hannun dama ya koma hagu. Na zura yatsuna a hankali, na jawo cikin waje, yatsa ɗaya bayan ɗaya, tsohon na ta ihu zan ɓata masa aikin kwana arba’in. Da na gama na miƙa wa Yaya. Babban yatsa ya dawo inda Allah ya ajiye na kowa.

Jatau ya karɓa ya duba, ya kira mutanensa suka sauko suka duba. Ya ce, “Shekara nawa muna yi, ba wanda ya taɓa juyawa.” Ya dube ni. “Kai malalaci ne, ko? Irin wannan dabara sai malalaci.”

Yaya ya ce, “Ka gane shi.”

Daga nan wata uku muka iso Birnin Toho. Ganuwarsa itatuwa ne masu rai da aka saƙa rassansu da juna. Muna shiga ƙofa muka ga abin da ya sa muka tsaya cik. Mutane na harkokinsu a kasuwa, wannan da kwalba ɗaure a hannu, wancan a ƙafa, cikin kowace da ruwa garai. Wani mai sayar da gishiri ya ɗaga tasa ya gaishe mu, sai ga ɗan hannu kamar na jariri a ciki yana motsi.

Aka kai mu wurin babbar mai aikin, Inna Yalwa, wata ’yar gajeruwar dattijuwa mai baki kamar reza. Ta duba dungulmin ta yi tsaki.

“Wane mahaucin ne ya ƙone wannan? Tabo ƙofa ce da jiki ya rufe cikin gaggawa, ku kuma kuka zo kuka sa mata kwaɗo. To, zan buɗe. Zan ɗebo ɓargo daga ƙashin ƙugunka, shi ne iri, in shuka a cikin ragar nan, in lulluɓe da fatar kifi, in sa a kwalba. Amma toho jijiya yake bi, kamar yadda kabewa ke bin danga. Jijiyoyi uku nake nema masu rai, kowace ba ta fi zare ba, ido ba ya rarrabe su da matattu. Zan bi da tsinken azurfa, inda ka ji ya soke ka har ƙwaƙwalwa ka ce nan. Ba zan ba ka maganin barci ba, don bakinka nake bukata. In ban samu ba, wurin ya mutu, sai in ƙara yankewa sama. Iyakata gwiwar hannu. Daga nan ko ni ban iya ba.”

Aka kwantar da Yaya a gadon katako mai ƙarfe a gefe. Ta buɗe tabon, ta bi da tsinke lungu-lungu.

“Nan?”

“Babu komai, Inna.”

“Nan fa?”

“Kamar ƙuda ya sauka.”

Ta girgiza kai, ta ba shi maganin barci, ta yanke faɗin yatsa uku. Kada ku ga laifinta. A garinsu yaro tun yana goye ake koya masa nuna inda ke ciwo, ba ta taɓa ganin wanda zai yi tafiyar shekara neman magani ya zo ya ɓoye wa mai magani ba. Ni ma kada ku ga laifina da yawa. Na tashi ne da imanin cewa Yaya ba ya jin zafi, kamar yadda kifi ba ya jin sanyi.

Bayan mako aka sake. Ta bi da tsinke, ya ce babu komai. Gumi kuwa na zuba har yana ɗiga daga gemunsa. Ta tambaye shi sau uku, sau uku ya ce zafin gari ne. Ta sake yankewa. Da aka ɗauke shi na tsaya naɗe tabarma, sai idona ya kai kan ƙarfen gefen gado, wajen hagu. Ƙarfe mai kaurin babban yatsa, ya lanƙwashe a wuri uku, ga shatar yatsu.

Na kira Inna Yalwa na nuna mata, na gaya mata al’adar gidanmu. Ta zauna daɓas.

“Wato naman kirki na yanke har sau biyu? La’ilaha illallahu! Kai, wane irin mutane ne ku? To, ji nan. Saura yatsa uku ya kai gwiwa. Gumi ba ya nuna mini wuri, sai an faɗa daidai lokacin da tsinke ya taɓa. In ya sake yi mini shiru ranar Asabar, ka ɗauki ragarka ka yi matatar koko da ita.”

Na sami Yaya da azahar a gindin wani ɓaure, ya jingina, fuskarsa ta faɗa.

“Yaya, na ga ƙarfen.”

“Ƙarfen banza ne, ba su iya ƙira ba.”

“Kalma ɗaya ce fa. Nan. Ko yaro ya iya.”

“Ka san abin da kake roƙona? In kwanta gaban mace da ƙanena in yi raki? Gara in koma da kafaɗa kawai.”

“Baba ba ya nan. Ba wanda zai ji.”

“Ni ina nan.”

Na yi magiya, na yi fushi, har na ce masa girman kai ne. Ya ce in na gama in kawo masa ruwa. Na san Yaya, in ya kafe ko uwar maƙera ta fi shi motsi. Kwana uku ina zagaye gari ina tunani, kullum hankalina na komawa kan ƙarfen nan. Bakinsa ne ya iya ƙarya. Hannunsa na hagu bai iya ba.

Ranar Asabar da safe aka kwantar da shi. Na matso na zauna a gefen hagu, na rufe ƙarfen da jikina.

Na ce, “Yaya, jinin nan juya mini kai yake yi. Riƙe ni kada in faɗi.”

“Raggon banza,” in ji shi, ya kama hannuna.

Inna Yalwa ta fara bi da tsinke. Shiru. Ta matsa. Shiru. Ta matsa kaɗan, sai na ji kamar an sa hannuna a awartaki an hau kai. Wanda bai taɓa shiga hannun maƙeri ba, ba zai gane ba.

“Wayyo Allah! Wayyo Inna!”

Ta ɗago a fusace. “Kai, lafiya? Kai ake tsikara?” Sai ta ga hannuwanmu. Ta dubi Yaya, wanda ke kallon rufi kamar mai ƙirga azara. Ta mayar da tsinken daidai wurin.

“Wayyo na mutu!”

“Madalla,” in ji ta, ta ɗiga shuni a wurin. “Ɗaya. Yi ta ihu, ɗan albarka, kada ka rage komai.”

Yaya bai dube ni ba. Ya san abin da nake yi, na kuma san ya sani. Da ya so, da ya saki hannuna ya kama katako. Bai saki ba. Ya ce dai, “Ka ba mu kunya a garin mutane, Nomau,” ya gyara riƙo.

A jijiya ta biyu na kira sunan kakata da ta rasu. A ta uku na ji ƙaramin yatsana ya yi ƙas, na yi ƙarar da ta tashi tantabarun kasuwa. Inna Yalwa ta ajiye tsinke tana share hawayen dariya, ta ce duk ukun suna nan da ransu, tun a wuyan hannu ma da an same su. Ranar aka shuka hannun Yaya, ni kuma aka ɗaure mini karyayyen yatsa.

Kwana arba’in ba a ga komai ba. Sannan wani ƙullutu ya fito kamar ƙwan tantabara, ya bi raga yana tsawo. A wata na takwas ya yi faɗi a baki, ya tsage gida biyar kamar ’ya’yan kuɓewa. Ragar ta riƙa narkewa tsoka na cin wurinta. Abin da ya fi damun Yaya ƙaiƙayi, ga shi ba halin susa, sai ya riƙa susar kwalbar. Yankan nan biyu da shirunsa ya jawo sun ƙara mana shekara guda cur, Inna Yalwa kuwa ba ta bar shi ya manta ba, kullum ta zo duba shi sai ta ce, “Ina kwana, kamar ƙuda ya sauka?” Ni ma ban tsira ba, duk garin ba mai kirana Nomau, sai Wayyo. Bayan shekara uku aka cire kwalba. Ya ɗauki wata shida yana koyon ɗaukar ƙwayar gero, sannan cokali, sannan guduma.

Muka iso Gangaren Tama da hantsi, maƙera cike da mutane. Baba ya tsufa, amma yana nan a kan buzunsa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Bai amsa da fara’a ba, idonsa na kan hannun. Ya kama, ya juya, ya latsa. Hannu ne sosai, sai dai fatar ta fi ta ɗayan haske, tafin kuma laushi kamar na amarya, ba kanta ko ɗaya.

Wani daga baya ya ce, “Na roba ne.” Wani ya ce, “Sihiri ne, in an yi kwana bakwai zai koma kara.”

Baba ya saki hannun. Ya sa awartaki a wuta ya ɗauko garwashi ja, ya ce, “Buɗe.”

Na matsa kusa da hagun Yaya, ya ture ni da gwiwa. Ya buɗe tafin, Baba ya ɗora. Ba a yi ƙiftawa biyu ba Yaya ya yarfar da garwashin, ya kai hannun baki yana hurawa.

Ya ce, “Baba, da zafi.”

Har mai zuga ya tsaya. Kowa na jiran abin da Sarkin Maƙera zai yi wa ɗan da ya faɗi kalmar nan a gaban jama’a. Baba ya jawo hannun ya duba. Ga bororo ya fara tashi a tsakiyar tafi. Ya taɓa shi da yatsa, Yaya ya ɗan janye. Sai na ga gemun tsohon na rawa.

Ya ce, “Roba ba ta bororo.” Ya ɗaga hannun sama kowa ya gani. “Hannu ne. Wallahi hannu ne!”

Ya juya ya daka wa mai zuga tsawa ya kawo ruwan sanyi, maza, yaron nan ya ƙone.